Shayin Tsakiyar Fim

Shin mijina ya san tafiya zai yi da ya aike ni dafa shayin nan, ko kuwa shayin yake so, ajali ya riske shi a tsakani? Na tambayi ɗana, wanda likita ne, ya ce babu mai iya sani. Na tambayi limamin masallacin layinmu, ya ce in yi masa addu'a in bar wa Allah sauran. Addu'a ina yi, amma tambayar ba ta sake ni ba. Ni ban yi karatun boko ba, ko a takardar asibiti dangwale nake yi. 'Yata ce zaune a gabana tana rubuta abin da nake faɗa, na kuma gaya mata in ta ga ina kuka kada ta tsaya lallashi, ta jira in share hawayena mu ci gaba.

Mijina tsohon soja ne. Yana saurayi ya shiga, aka yi yaƙin ƙasarmu da shi, ya fito da igiya biyu a hannu, shi ya sa nake ce masa Kofur tunda ba zan kama sunansa ba. Shi kuma Saje yake ce mini, wai duk barikin da ya zauna bai ga mai ba da oda kamar ni ba. Bayan ya ajiye kaki ya yi gadi a wata masaƙa a Kaduna har ƙafafunsa suka gaji. Duk zamanmu bai taɓa ba ni labarin yaƙi ba. In yara suka matsa masa sai ya ce, "Mun je, mun dawo, akwai sauro." Iyakar labarin ke nan.

Da hawan jini ya kama shi, zuciyarsa ta fara ba da wahala, sai babban ɗanmu ya ɗauko mu zuwa Ingila, wai a duba shi mu koma. Ba mu koma ba. Zamanmu ya rabu gida biyu. Lokacin tsananin sanyi muna Manchester, a flat ɗin ɗanmu, wato sashensa a gidan bene, a Whalley Range, saboda can ɗumi ya fi kuma asibitinsa yana kusa, a Oxford Road. In gari ya sake, ko azumi ya zo, sai a sa mu a doguwar mota zuwa Birmingham, gidan 'yata a Small Heath, inda masallaci yake a bakin layi, mai nama ma ya san mu. Mijinta mutumin Gana ne, direban bas, Hausa yake ji kamar mu, uwarsa kuma tana zaune gidaje kaɗan daga nasu.

Zaman bai yi wa Kofur daɗi ba. Mutumin da ya saba da majalisa a ƙofar gida, a sha shayi a yi gardama a kan gwamnati, ga shi an kawo shi garin da maƙwabci zai gaishe ka da gira ya wuce. Sai ya wuni a bakin taga yana duba masu wucewa kamar mai duba fareti. Masu kwasar shara kaɗai yake yabawa, wai su ne masu tsari a ƙasar nan.

Wata rana matar ɗanmu ta kai shi shagon gwanjo don a saya masa kwat mai kauri. Bai dawo da kwat ba. Ya dawo da faifan fim, a jikin kwalinsa akwai hoton wasu Turawa uku ramammu, kowa da lambar girma a ƙirji. Ɗanmu ya juya kwalin ya yi dariya.

"Baba, fim ɗin nan ya girme ka. Duk waɗanda ke ciki sun mutu, har karen."

Kofur ya ce, "To sai me? Kai ma za ka mutu, kuma babu wanda zai je shago ya saye ka. Kunna mini."

Fim ne marar launi, fari da baƙi, hoton yana rawa, sautin yana ƙara kamar ana ruwa a kan kwano. Labarin tsofaffin sojoji uku ne bayan an gama wani babban yaƙi na Turawa. Ɗaya dogo ne, yana sayar da ashana a bakin titi. Na biyu yana da ƙafa ɗaya, yana matsa wani abin kiɗa kamar zugazugi mutane suna wucewa ba sa ko kallonsa. Na uku ya yi ƙiba, ya samu mota, in ya hango su sai ya juya kai. Tun kallon farko Kofur ya tsani mai ƙibar nan. Ya ce a kowace bataliya akwai irinsa, kuma yawanci a sito suke aiki.

Ya sa aka koya masa maɓalli uku a jikin rimot, na kunnawa da na kashewa da na ƙara murya, ya ce sauran na 'yan boko ne. Daga nan fim ya zama abincinmu na rana. In yara suka tafi aiki, muka yi azahar, sai ya gyara zama ya ce, "Saje, a fito fareti." In za mu canja gari, faifan yana aljihun rigarsa na ciki, tare da magungunansa. Ya taɓa manta tabaronsa a Birmingham, ya taɓa manta haƙoransa na roba a Manchester, amma faifan nan bai taɓa kwana a garin da ba ya nan ba.

Ni ba na jin Turanci, don haka shi ke fassara mini. Turancin Kofur kuwa na filin fareti ne, lef-rai da yessa. Mutanen cikin fim ɗin ta hanci suke magana, da sauri, amma bai taɓa cewa bai gane ba. Mai ashana zai ɗaga wa wata mata hula ya faɗi kalma ɗaya, sai Kofur ya ce, "Ya ce mata ina wuni, ya gajiya, ya yara, ya maigida, ya muka ji da sanyi."

Na ce, "Duk a kalma ɗaya?"

Ya ce, "Turanci a dunƙule yake. Sai an warware."

Sannu a hankali na lura fassarar tana bin abin da ke damunsa. Makon da ɗanmu ya hana shi gishiri da tsire, mai ƙafa ɗaya ya dubi wani ma'aikacin tasha ya yi magana, sai Kofur ya ɗaga murya don a ji a ɗaki, "Ya ce yaran zamani, in ka sayar da gonarka ka sa su makaranta, sai su dawo su hana ka gishiri."

Ɗanmu ya leƙo. "Baba, ba haka ya ce ba. Lokacin tashin jirgi yake tambaya."

"Ka taɓa shiga soja?"

"A'a, Baba."

"To Turancin soja daban ne. Koma ka ci gaba da abin da kake yi."

Ran da na ƙona masa tuwo kuwa, matar mai ƙiba ce ta sha faɗa a bakin mijinta a kan girki, alhali a gaban mota suke tsaye babu ko tukunya a wurin. Ni dai ina jin daɗin abina. Fim ɗaya ne, amma kullum sabo nake kallo.

Abu guda ne ba ya canjawa. Wajen tsakiya, mai ashana yakan hau jirgin ƙasa da wani ƙunshi a hammata, ya sauka a wani gari, ya bi layin gidaje masu manne da juna irin na Small Heath. Ya tsaya a wata ƙofa, ya gyara hula, ya gyara kwala, ya ƙwanƙwasa. Da ƙofar ta fara buɗewa sai Kofur ya ce, "Saje, tashi ki dafa mana shayi." In na dawo da tire, mutumin ya riga ya koma cikin jirgi, babu ƙunshi a hannunsa.

Da farko ban kawo komai a raina ba. Da abin ya yi yawa na ce, "Kofur, wai me ya je yi a gidan nan?"

Ya ce, "Ɓatan hanya ya yi."

Bayan kwana biyu na sake tambaya, ya ce gyaran famfo ya je. Wani karon ya ce kare ne ya koro shi. Na ce to ƙunshin fa? Ya ce karen ya cinye.

Na fara dabara. Na dafa shayin tun da hantsi na zuba a flas na ajiye kusa da ƙafata. Da ya ce shayi, na ce ga shi. Ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya ce warin flas yake yi, shi sabo yake so. Kashegari na yi amfani da butar lantarki, wadda kafin ka juya ta tafasa. Ina isowa bakin ƙofa ya daka mini tsawa ba tare da ya waiwayo ba, wai ruwan lantarki ba ya dahuwa, zafi kawai yake yi, in koma in ɗora a tukunya, da citta da kanumfari, a bar shi ya yi baƙi. Rana ta uku na ce gwiwata ke ciwo, ba zan iya tashi ba. Ya danna na kashewa, ya zare faifansa ya sa a aljihu, ya ce barci yake ji. Haka yake yi in yara suna gida: da an zo ƙofar nan sai ya kashe ya ce lokacin salla ya yi, ko da bai yi ba. Shi ya sa su ba su taɓa lura da komai ba.

Na kai ƙara wurin uwar mijin 'yata. Hajiyar Kumasi muke ce mata, mace ce mai jiki da murya, tana dafa shinkafa da wake irin nasu da yaji baƙi, mutane suna zuwa har gida suna saye. Ta saurare ni tana yanka albasa, sannan ta ajiye wuƙar.

"Ke, ƙawata, yarinya ce ke? Namiji ya gyara hula, ya gyara kwala, ga ƙunshi a hannu, ya buga ƙofa. Wa zai buɗe, liman? Mace ce!"

Na ce, "Haba Hajiya, mutumin da ke sahun gaba a masallaci?"

"Na sahun gaba su ne gwanaye. Baturiya ce mai ɗan guntun siket, ina gaya miki. Rawa take yi masa. Ke kina can kina daka citta, tsohonki yana nan yana wanke ido."

Na ce ai ɗana ya ce duk mutanen ciki sun mutu. Ta ce mutuwa ba ta hana su kyau a fim.

Na koma gida raina a dagule. Na dubi Kofur, gemu fari tas, carbi a hannu, haƙora a cikin kofi, na ce oh, ashe abin da ke ƙarƙashin hular nan ke nan. Ranar miyarsa ba ta ga ko ɗigon gishirin da nake saka masa a ɓoye ba. Za a ce me ya hana in sa yara su kunna mini in gani da idona. Faifan dai ba ya barin aljihunsa. Ko da yana bari, da wane baki zan ce wa ɗan da na haifa ya zo ya nuna mini abin da ubansa yake kallo a ɓoye? Gara in mutu da shi a ciki.

Hajiyar Kumasi ta ce in bar mata. Za ta zo ziyara daidai lokacin, ta zauna daram, tunda ba a aiken baƙo. Ta zo kuwa, ta ci ado, ta cika kujera. Kofur ya karɓe ta hannu biyu, ya yi mata fassara ta musamman, har da wurin da mai ashana ya ce duk duniya babu masu iya girki kamar matan Gana. Jirgi ya tsaya, mutumin ya sauka, ya gyara hula. Hajiya ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Saje, shayi," in ji Kofur. Sannan ya juya wurinta. "Hajiya, don Allah ki taimaka ki nuna mata yadda ake sa citta. Shekara da shekaru ina fama, ba ta iya ba. Ku mutanen Kumasi hannunku daban ne."

Wallahi ta riga ni miƙewa. Muna kicin tana yi mini bayani, a kankare ta haka, a daka ta haka, kada a sa ta sai ruwa ya tafasa, har da labarin kakarta. Sai da ta ɗauki tire ta tsaya cak ta dube ni.

"Ƙawata, tsohon nan ya yi mana wayo."

Na ce, "Ya yi miki dai."

Da sanyi ya shigo muka koma Manchester. A flat ɗin ɗanmu kicin da falo a haɗe suke, babu bango. Tun zuwan faifan Kofur ya sa aka rataya labule mai kauri a tsakani, wai ba ya son ganin tukwane yana hutawa. Wata safiya na kunna turaren wuta, na manta da abin nan da ke manne a rufi mai ihu in ya ji hayaƙi. Ya fasa ƙara, na firgita, kaskon ya karkace, garwashi ya taɓa labulen. Baturen da ke zaune a samanmu, wani tsoho mai kirki, ya sauko da tawul yana fifita rufi, Kofur yana ba shi oda da Turancin fareti. Da ƙura ta lafa sai ga huji a labule, kamar girman kwabo, daidai tsayin idona. Matar ɗanmu ta ce za ta sayo sabo. Na ce a'a 'yar nan, almubazzaranci ne, Allah ba ya so.

Kashegari da azahar aka fito fareti. Da ya ce shayi na tashi ba musu, na ɗora tukunya, na sa ludayi a hannu, don na yi niyyar in na ga siket ɗin nan zan fito in yi magana. Na kafa ido a hujin.

Ƙofa ta buɗe. Wata tsohuwa ce, 'yar ƙarama, ta fi ni tsufa, da gyale a kafaɗa. Na ce to, uwar ce, 'yar tana ciki. Suka shiga wani ɗan falo. A kan bango akwai hoton wani saurayi da kaki. Mai ashana ya kwance ƙunshin, sai ga hular soja da wani ɗan gwangwanin taba. Tsohuwar ta karɓa, ta shafa hular, ta ɗora ta a ƙarƙashin hoton, ta gyara mata zama. Ba ta yi kuka ba. Ta yi masa wata tambaya. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa, ya yi murmushi ya faɗi wani abu gajere. Ban buƙaci fassara ba. Tambayarsa ta yi ko ɗanta ya sha wahala, shi kuma ya ce a'a. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki buta ta shige kicin.

Tana fita mutumin nan ya dunƙule a kujera, ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa suna girgiza. Sai a lokacin na kawar da idona daga talabijin na dubi Kofur. Ya cire tasa hular ya danne bakinsa da ita. Hawaye yana bin gemunsa yana ɗiga a rigarsa. Babu sauti ko kaɗan. Mutumin nan na ga an yi masa ɗinki ba allurar kashe zafi, na ga ya binne uwarsa, ya binne 'yarmu ta biyu tana jaririya, ban taɓa ganin ruwa a idonsa ba.

A cikin fim aka ji ƙarar kofuna, tsohuwar tana dawowa. Mai ashana ya yi maza ya goge fuska ya miƙe zaune. Kofur ma ya goge tasa, ya mayar da hula, ya yi gyaran murya.

Na tsaya da ludayi a hannu kamar wawiya. Sai na tuna abin da na daɗe da sani ban taɓa haɗawa ba. Kofur yana da aboki, ɗan garinsu, mai busa bigila, tare suka shiga soja. Shi bai dawo ba. Farkon aurenmu Kofur ya taɓa yin tafiya ƙauyensu da wata jakar soja da ba tasa ba, ya dawo ba ita, ya kwana biyu bai ci abinci ba, ya ce zazzaɓi ne. Daga nan kowace salla sai ya aika wa wata tsohuwa a can shinkafa da turmin atamfa, har ta rasu. In na tambaya sai ya ce, "Gyatumar wani ce." Na tuna kuma kullum na dawo da shayi idonsa ja ne, yakan ce hitar da ke ɗumama gidan nan ce ke busar masa da ido.

Tukunyar ta ƙone ranar. Na sake ɗora wata. Da na fito ya kurɓa ya ce, "Yau kin daɗe."

Na ce, "Cittar ce ta yi tauri."

Ya ce, "Ya fi daɗi haka."

Ban taɓa gaya masa na gani ba, ban kuma sake leƙawa ba. Abin da na canja shi ne, na daina sauri. In ya aike ni sai in kankare citta a hankali, in daka, in wanke kofunan da suke a wanke. In zan fito sai in girgiza tire kofuna su yi ƙara tun daga nesa, yadda tsohuwar can take yi, in ɗan tsaya a bayan labule, sannan in shiga. Yakan ce, "Saje, hannunki ya fara rawa, tsufa ya zo." In ce, "Ya zo, Kofur."

Da muka koma Birmingham Hajiyar Kumasi ta tare ni tun ban ajiye jaka ba. Na ba ta labarin hujin labule, ta tafa hannu.

"To? Me kika gani?"

Sirrin ba nawa ba ne. Na ce, "Mace ce, Hajiya. Kin yi gaskiya."

"Ban gaya miki ba! Fara?"

"Fara sol."

"Tsohon banza!"

Daga ranar ta daina sa masa ƙwai a shinkafar da take aiko masa. In ya gaishe ta sai ta amsa a daƙile tana hararar gemunsa. Har ya rasu bai san laifin da ya yi mata ba, yakan ce mini, "Matar nan ko hawan jini ya kama ta ne? Ki ce ta je ta ga GP, likitanta." Sai a zaman makoki na gaya mata gaskiya. Ta yi kuka har ta fi ni, tana cewa ƙwai nawa ta hana bawan Allah. Har yau duk Juma'a sai ta dafa ƙwai ta kai masallaci sadaka.

A Small Heath ya rasu, wata Talata da rana, gari ya yi haske. 'Yata da mijinta suna wurin aiki. Ya yi azahar a zaune, ya ci tuwo kaɗan, ya kunna fim. Fassarar ranar ba ta da yawa, yana yi yana hutawa. Na tafi kicin. A gidan 'yata kicin yana can ƙarshen gida, sai ka bi wani siririn lungu. Na kankare citta, na daka, na jira ya yi baƙi. Na taho ina girgiza tire, na tsaya a bakin ƙofa kamar kullum, ban ji gyaran murya ba. Na ƙara girgizawa. Da na shiga yana zaune yadda na bar shi, kansa ya ɗan jingina, hularsa a kan gwiwa, carbi a hannu, ɗan yatsansa a miƙe. Fuskarsa a bushe take. A talabijin mai ƙafa ɗaya yana ta matsa abin kiɗansa.

Tsaya, 'yar nan, bari in sha ruwa.

A nan Birmingham aka binne shi. Faifan yana wurina, a cikin aljihun rigar tasa, ban sake sa an kunna ba. Yara sun ce za su zauna su fassara mini shi daidai, tun daga farko har ƙarshe. Na ce ba na so. Wanda na sani ya ishe ni.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne, ranar fim ɗin bai kai tsakiya ba. Mai ashana yana bakin titi, ko tasha bai je ba, sai na ji Kofur ya ce in tashi. Na dube shi na ce, "Kofur, ai bai ma hau jirgi ba tukuna."

Ya ce, "Na sani."

Na san abin da shayi yake nufi a bakinsa, na kuma riga na saba ba shi wuri. Da na zauna, da na riƙe masa hannu, da na laƙƙana masa kalmar shahada. Amma da na zauna, da na hana shi abu ɗaya da ya taɓa roƙona. Kullum ina auna su biyun, ban san wanda ya fi nauyi ba.

Na miƙe na kai bakin ƙofa, sai ya kira ni. Na waiwayo, yana murmushi irin na ranar da ya yi wa Hajiyar Kumasi wayo.

Ya ce, "In kun koma Manchester ki ce wa yaron nan ya sa a ɗinke hujin labulen nan. Ya gama aikinsa."

Na tsaya baki buɗe, kunya ta rufe ni kamar amarya. Ya ɗaga mini hannu.

"Je ki dafa mana shayi, Saje. Kada ki yi sauri."